Tsakanin Ale da Taho

Ku yaran yanzu da kuka fito lakwal, makarantar Nasara, da an ce tafinta sai ku yi murmushi. Wai me ke ciki, mutum ya ji Hausa ya ji Faransanci, ya tsaya tsakanin mutum biyu yana juya magana kamar mai tuyar waina. Jikana ma haka ya faɗa ranar da ya kawo abokansa su gaishe ni, har da cewa da a zamaninmu yake da ya fi ni, don nasa Faransancin na littafi ne, nawa kuwa na madafar kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu. Ban musa masa ba, a can na koya, ina wanke kwano ina tsintar kalmomi. Sai dai na ce ya juya mini "to" zuwa Faransanci. Ya ce wannan ai wasa ne. Na ce wace "to" ɗin, ta wanda ya yarda, ko ta wanda ya gaji da kai, ko ta matar da aka zo gaya wa mijinta ya cika? Tun ranar yake zuwa da maraice yana sa ni surutu, shi ya sa ma kuke jin wannan labari.

Kayan aikin tafinta ba su cika aljihu ba. Kunne ne da harshe, sai ƙafafu masu jure tsayuwa, sai ɓarin goro saboda bushewar maƙogwaro. Ni a hannun Baba Gado na koya, wani tsohon soja da ya je yaƙin Nasara na farko ya komo da Faransanci da ɗingishi. Shi ya same ni a madafa ina kwaikwayon matar kumandan, kuku na riƙe ciki don dariya, ya kama kunnena ya ce wannan bakin ya fi ƙarfin wankin kwano. Na daɗe ina bin sa ban buɗe baki a gaban shari'a ba. Aikina in laɓe jikin ginshiƙi in saurara. In an tashi ya tambaye ni me mutumin ya ce, in na maimaita masa sai ya girgiza kai, ya ce wannan abin da bakinsa ya ce ke nan, shi kuma me ya ce? Haka ya yi ta ba ni wuya har kunnena ya buɗe. Abin da ya fi yi mini faɗa a kai shi ne gaggawa. In mai magana ya yi shiru, ya ce, kada ka cike masa gurbin da taka, ka bar shirun ya isa kunnen alƙali yadda yake.

Shari'ar farko da aka sakar mini ta wani makiyayi ce da wani manomi daga wajen Tibiri. Shanu sun shiga gona sun yi ɓarna. Kumandan ya tambayi makiyayin sunan ɗansa da ke bin shanun ranar, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Da na juya maganar haka tsirara, da an ce yana ɓoye mai laifi, da ya kwana gidan kaso. Ɗan fari ne, uba ba ya kama sunansa. Na gaya wa kumandan haka, aka kira ƙanen makiyayin ya faɗi sunan, aka daidaita su, har suka fita suna zolayar juna. Baba Gado bai yabe ni ba, amma ranar ya raba goronsa biyu ya miƙo mini rabi.

Shekarun da suka fi muni a sana'armu su ne na aikin hanya, lokacin yaƙi na biyu. Kowane gari sai ya ba da maza, a kai su fasa dutse da ɗaukar tsakuwa a kwando, ba lada sai ɗan tuwon da ba ya riƙe ciki. Umarnin daga bakin Nasara yake fitowa, amma da Hausa yake isa kunnen mutane, kuma Hausar tamu ce. Mutane suka daina zama da mu wurin suna. Matata in ta je rijiya, sai ta rasa mai aza mata tulu. A cikin shekarun nan Baba Gado ya rasu, aikin ya komo kaina ni kaɗai.

Bayan yaƙi aka soke aikin tilas, aka kuma turo mana wani alƙali Nasara, saurayi siriri mai yawan gumi, wanda bai daɗe da barin ƙasarsu ba. Alƙalin nan ne ya ba da umarni aka baza cewa duk wanda aka nakasa a aikin hanya yana iya kawo ƙara. Mutane suka ji suka yi shiru, don ba wanda ya yarda ba tarko ba ne. An daɗe ba wanda ya zo. Na farkon zuwa su ne Namaiwa da matarsa Kulu, daga wani ƙauye can wajen Sukukutane.

Ina zaune bakin biro, wato ofishin bariki, na hango su. Abin da ya sa kowa ya ɗaga kai shi ne matar ce a gaba, da tabarma da gora a ka, mijin na biye da ita. Kun san a ƙasar nan mace ba ta shiga gaban mijinta a hanya. Gardawan bariki, wato dogaran Nasara, suka fara ƙyafta wa juna ido, wani har yana tambaya ko a garinsu mata ke biyan sadaki. Ita ko kallonsu ba ta yi ba. In ta yi 'yan taku sai ta ɗan rage sauri, ba tare da ta waiwaya ba ta ce, "Maigida, taho." Shi kuwa dogo ne mai faɗin kafaɗa, irin mazan da in sun kama hauya sai ka tausaya wa gona, amma yana tafe yana bin gefen katanga, idonsa na yawo.

Ƙarar Kapural Tunau suka kawo, wanda ya riƙe wani rukunin ma'aikata a lokacin hanya, ya kuma samu aikin gadin sito a bariki bayan an watse. Da na tambayi Namaiwa abin da yake nema, diyya ko ɗauri, sai ya dubi ƙasa. Kulu ce ta amsa.

"Malam tafinta, mu ba kuɗɗi munka biyo ba. Tun da ya komo daga hanya, gari duka sun ce Babule sunka kama shi. Ɗiyanmu ba a kiran su sai ɗiyan mai iska. In ya zamna cikin maza sai su tashi ɗai-ɗai. Shi ko lahiya lau ya tahi, mutum na awa kowa."

Babule, in ba ku sani ba, iskokin nan ne masu ɗabi'ar sojan Nasara, waɗanda in sun hau mutum sai ya yi ta fareti yana zuba wani abu mai kama da Faransanci. To, Namaiwa in abin ya motsa masa, wata kalmar Nasara yake ta maimaitawa yana gudu, don haka ba wanda ya yi shakka. An yanka abin yankawa, an kaɗa goge, ba abin da ya sauya. Daga ƙarshe Kulu ta kai shi wurin wata tsohuwa 'yar bori a kusa da Lugu, wadda kowa ya yarda ta san aikinta. Tsohuwar ta zauna da shi yini guda tana kallonsa, sannan ta mayar musu da kazarsu.

"Ta ce mani, wanga ba namu ba na," in ji Kulu. "Ta ce namu in an kira su suna zakuwa, in an sallame su suna tahiya. Wanga hannun mutum na. Ku koma inda anka yi mai shi. Shi ya sa munka taho. A hwaɗi gaban jama'a mutum ya yi mai, ba iska ba. Shi ke nan abin da muka so."

A barandar biro ake zaman shari'a. Alƙali na bayan tebur, dattawan gari biyu na gefensa don abin da ya shafi al'ada, magatakarda na rubutu, ni ina tsaye kusa da tebur. Mai ƙara yakan tsaya a tsakiya ya cire hula, gardi na tsaye a bayansa. Haka aka saba, ba wanda ya taɓa tunanin akwai wani abu a ciki. Ranar da aka kira su, Tunau ya zo da riga mai guga, ya rantse bai taɓa ganin wannan mutum ba, ya ce ma'aikata da yawa sun ratsa hannunsa amma ban da shi.

Namaiwa ya fara da kyau. Ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, ya faɗi damanar da aka ɗauke shi. Na lura yana yawan karkata wuya wajen gardin da ke bayansa, amma yana magana. Da ya iso kan abin da aka yi masa sai muryar ta maƙale. Ya buɗe baki ya rufe. Alƙalin nan ba mugu ba ne, so yake ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya yi murmushi ya kaɗa hannu ya ce, "Ale, ale," kamar yadda mu za mu ce ci gaba, muna jin ka.

Ban taɓa ganin jikin mutum ya sauya haka ba. Namaiwa ya durƙushe, ya kai hannu biyu bisa kai kamar mai tallabe kaya, ya miƙe da ƙyar kamar an aza masa dutse, ya fita daga baranda da ɗan gudu-gudu. Ya yi ta zagaya filin bariki cikin rana, ba komai a kansa, yana haki yana cewa ale, ale, har ya je ya haɗa goshi da katanga ya tsaya yana rawar jiki. Tunau ya yi dariya ya buɗe hannuwa.

"Kun gani da idonku. Babule na. Kowa ya san shi ƙasarsu. Mahaukaci za ya kai ni ƙara?"

Alƙali ya share gumi. Ya ce in gaya musu doka ba ta karɓar shaidar wanda hankalinsa ba ya jikinsa. Zai sake zama bayan kasuwar Juma'a, in abin ya maimaitu zai tura Namaiwa wurin likita a rufe maganar. Na juya musu kamar yadda ya faɗa. Na san abin da ke nan: in takardar Nasara ta ce mahaukaci ne, to abin da ƙauye ke faɗa a ɓoye ya samu hatimi, har jikokinsa sai sun gaje shi. Da sun san haka za ta kasance, da zamansu gida ya fi musu.

Da la'asar na same su gindin tsamiyar da ke bayan bariki. Namaiwa ya jingina baya da itacen yana barci, Kulu na kore masa ƙuda da gefen zane. Na tsuguna nesa kaɗan na ce, "Baiwar Allah, ni ban gane abin da ya faru ba. Ki koya mini."

Ta dube ni tana auna ko da gaske nake. Sannan ta fara, a hankali don kada ya farka. Ta ce ba ya iya jure mutum a bayansa, ko ɗansa ne. A gona shi ke kuyyar ƙarshe. A masallaci sahun baya yake tsayawa, jikin bango. Shi ya sa take shiga gaba a hanya, mutane na dariya tana ji. Ta ce ba ta taɓa ce masa tafi ko yi sauri, ko wani abu mai kama da kora, sai dai ta wuce gaba ta kira shi. Ba wanda ya koya mata, da kuskure da kuka ta gano su ɗaya bayan ɗaya.

"Sai kalmar ga da Nasara ya hwaɗa," ta ce. Ba ta kama sunan kalmar ba, kamar yadda ba ta kama sunan mijinta. "Ni ban san mi taka nuhi ba. Na dai san da ita aka bugun shi. In ya jiya ta, ba shi nan kuma, ya koma can."

Na ji tausayinsu ya kama ni. Kalmar da nake ji sau ba adadi kowace rana, wadda ban ma ɗauke ta kalma ba balle in juya ta, ashe a kunnen wani bulala ce.

Washegari na shiga wurin alƙali na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara, ya yi ta juya alƙalami a hannu. Da fari ya ce shari'a tana da tsarinta, mai ƙara tsaye yake yi, gardi kuma wurinsa ke nan. Na ce Mushe, yadda ake kiran Nasara da yarensu ke nan, dokar ta ce a ji bakinsa, ban san ko ta ce daga wace kusurwa ba. Ya yi dariya ya ce zai duba, kuma bai samu inda ta hana ba. Ya yarda a shimfiɗa wa mutumin tabarma jikin bango, gardi ya koma bakin ƙofa inda ido ke ganinsa, matar ta zauna a gaba. Da muka zo kan kalmar sai ya dafe kai, don shi ba ya haɗa numfashi biyu bai ce ale ba, ko da doki yake magana. Ya ce to, ya ji, zai san dabarar da zai yi. Muka bar maganar tsakaninmu, ko dattawan ba mu gaya wa ba.

Ranar zama na biyu sai ga alƙali da lofe a baki, ba taba ba wuta. Duk lokacin da kalmar ta taso masa sai ka ga ya datse lofen da haƙori. Magatakarda ya yi ta satar kallonsa yana mamaki. Ni kuma na bar wurina na kusa da tebur, na zo na tsuguna gaban Namaiwa, ɗan gefe kaɗan, yadda zai ga fuskata ya kuma ga matarsa. Tafinta ba ya tsugunawa a gaban shari'a, amma ranar ba wanda ya ce mini komai.

Na ce, "Namaiwa, ba mai korar ka. Taho da maganar yadda ta zo maka."

Ya daɗe yana murza bakin tabarma. Sannan ya fara, idonsa na kan ƙafafun Kulu. Ya ce kurkunu ne ya fito masa a ƙafa ana tsakiyar aiki, ƙafar ta kumbura har ba ya iya taka ta sosai. Daga gindin dutse ake ɗauko tsakuwa zuwa bakin hanya, shi kullum shi ne na ƙarshe a layi, Tunau na bayansa da bulalar dorina. Bai taɓa ganin saukar bulalar ba, kalmar kawai yake ji, sai zafi ya biyo. Ranar da ya faɗi ya zubar da kwando, Tunau ya ce zai koya wa sauran hankali da shi. Aka ɗaure shi a turke tsakar rana, aka aza masa kwando cike, aka ce in ya bari ya faɗi sai an sake daga fari. Ya kai nan sai ya yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Na ji alƙali na motsi a kujera, na ji lofen na ƙara tsakanin haƙoransa. Harshena na ƙaiƙayi in ƙarasa masa, don na riga na san sauran daga bakin Kulu. Na tuna Baba Gado na haɗiye. Muka zauna haka, baranda duka, har kukan kurciya ana ji daga kan tsamiya. Da Namaiwa ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce abin da ya fi bulalar ciwo shi ne an sa mutanen garinsu su zauna su ci tuwo a gabansa suna kallo, cikinsu har da ƙanen matarsa. Ya ce tun daga ranar bai ƙara haɗa ido da ɗayansu ba, su ma ba su ƙara haɗawa da shi ba. Da aka komo gida aka ce iska ce, duk suka yi shiru, don ya fi musu sauƙi. Na juya duka, ban ƙara ko kalma ba, ban kuma rage ba.

Tunau ya ga magana tana tafiya inda bai so. Ya ga mutumin da ya kira mahaukaci yana jero zance tiryan-tiryan, dattawa na gyaɗa kai. Sai kawai ya miƙe daga inda yake zaune, ya cika ƙirji, ya daka tsawa da irin muryar da ba ta barandar shari'a ba:

"Ale!"

Hannuwan Namaiwa suka tashi sama. Na ga idonsa ya tafi, gwiwoyinsa sun fara neman miƙewa. Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu. Kulu ba ta tashi ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ɗan matso da tabarmarta ta ce, "Maigida, taho. Ga ni nan gabanka. Taho." Ta yi ta faɗa a hankali kamar mai kiran ɗan akuya da ya tsorata. Hannuwan suka tsaya a sama. Can sai ɗaya ya sauko, ɗayan ya biyo. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ya dubi matarsa, ya dube ni, ya ce, "Ina munka tsaya?" Na gaya masa, ya ɗora daga nan har ya kai ƙarshe.

Ɗaya daga cikin dattawan, wani tsoho mai ƙarancin magana, ya gyara rawani ya ce in tambayar masa Tunau abu guda.

"Kai ka rantse ba ka taɓa ganin mutumen ga ba. Mu nan mun gane shi ya hwaɗi ran nan, ba mu san mi ya kada shi ba. To kai wa ya gwada maka inda ciwon nashi yake?"

Tunau ya koma ya zauna. Alƙali ya cire lofen ya ajiye a tebur. Ya sa Namaiwa ya ɗaga riga, kowa ya ga tabon bulala a bayan. Daga baya aka aika ƙauyen, ƙanen Kulu ya zo ya faɗi abin da ya gani, yana magana yana kuka kamar yaro.

Hukuncin bai taka kara ya karya ba. An kori Tunau daga aiki, an ɗaure shi ɗan lokacin da ni a ganina bai kai ko rabin abin da ya cancanta ba, waɗanda suka ba shi bulalar kuwa ba wanda ya ambace su. Amma da alƙali ya tambayi Namaiwa ko yana da sauran magana, sai ya ce a ba shi mai shela. Na sha wuya kafin in fahimtar da alƙali abin da ake nufi, don a dokarsu ba wannan. Ya yi tunani ya ce ba ta hana ba. Ranar kasuwar Sukukutane mai shela ya zagaya da gangarsa yana faɗa wa jama'a cewa shari'a ta duba ta gani, abin da ya samu Namaiwa hannun mutum ne, ba iska ba ce, kuma an hukunta mai hannun. An ce mini Namaiwa na tsaye jikin wata rumfa yana saurare, da aka gama ya sa hularsa ya shiga cikin maza ya zauna, ba wanda ya tashi.

Kada ku ɗauka ya warke. Ku yara kuna son labari ya ƙare da an buga tebur kowa ya koma gida lafiya. Na yi shekaru a barandar nan, na ga masu gaskiya da yawa sun ci shari'a, ban ga wanda hukunci ya cire wa abin da ke cikin ƙirji ba. Abin da Namaiwa ya samu shi ne sunansa, da na 'ya'yansa. Sauran kuwa ya ci gaba da ɗauka. Ni dai daga kansa na sauya yadda nake aiki. Duk wanda ya zo da irin wannan ƙara, mace ko namiji, kafin a shiga sai na nemi wanda ya rako shi in tambaya me ba ya so, ina yake son zama, wa yake son gani a gabansa. Gardawa har suna mini tsiya wai na zama ungozoma.

Na sake ganin su ana gab da Nasara su tafi, wata ranar Juma'a a kasuwar Dogon Dutsi. Sun kawo wake. Furfura ta fito masa, ita ma ta ɗan ranƙwafa. Muka zauna jikin bangon wani shago muna gaisawa, ya ba ni labarin ya aurar da 'ya'yansa mata, babban ɗansa kuma har ana sa shi cikin masu raba gardamar gona. Muna cikin haka wata babbar mota ta zo juyawa, yaron mota na bayanta yana bugun ƙarfe yana yi wa direba ihu, ale, ale. Namaiwa ya ƙame. Hannuwansa suka taso har kafaɗa. Kulu ta ce, "Taho," sau ɗaya, ba ta ko daina ƙulla bakin buhu ba. Ya sauke su a hankali, ya share fuska, ya yi ɗan murmushin jin kunya.

Da numfashinsa ya daidaita sai ya ce, "Malam, shekara da shekaru ina son in tambaye ka. Kalmar ga, mi taka nuhi da Hausa?"

Sai a lokacin na gane ba wanda ya taɓa juya masa ita, har ni da nake tafinta. Na ce, "Ba wani abu ba ne, Namaiwa. Tafi, ke nan. Ko ka ce je ka."

Ya jujjuya maganar. "Tahi," ya ce. "Ni na aza zagi na, ko sunan bulala." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Ashe tun can sallama ta aka yi. Ni ko ban tahi ba, Malam. Ga ni nan, na yi noma, na yi jikoki, amma rabina na can bisa hanya da kwando."

Kulu ta aza buhun da ya rage a ka, ta yi mini sallama, ta yi 'yan taku cikin kasuwa. Ba ta waiwaya ba ta ce, "Maigida, taho, rana ta yi." Ya miƙe ya kama hannuna da nasa biyu, sannan ya bi ta.

Hanyarmu ɗaya ce har bakin tasha. Na zauna inda nake sai da suka sha kwana, don kada ya ji takun mutum a bayansa.